Yabon Kai Jahilci, Ɓoye Haja Kuma Asara: Lacca Ga Masu Neman Gurbin Karatun Kasuwanci

Mai girma shugaban taro, iyayena maza da mata, malamai abokan aiki, da ku 'ya'yana 'yan ajin ƙarshe na sakandare waɗanda dominku aka jera waɗannan kujeru, barkanku da zuwa.

Kafin a shigo da ni, na tsaya a bakin ƙofa na tambayi wasu daga cikinku dalilin da ya sa suke son karanta kasuwanci a jami'a. Kusan duk amsa ɗaya na samu: "Malam, so nake in zama Ɗangote." Allah ya ida nufi. Alhaji Aliko kansa ya yi karatun kasuwanci a Jami'ar Azhar ta Alƙahira, ya dawo ya fara saye da sayarwa a 1977 da jarin da kawunsa ya ranta masa. Sai dai ku sani, wanda zai duba takardunku ba ya sayen buri. Kowa yana da buri, kuma kyauta ake samunsa. Abin da yake nema shi ne shaida: me wannan yaro ya riga ya yi, kuma me ya nuna cewa zai iya ɗaukar nauyin karatun?

Bari mu fara da gida, don nan ne mafi yawanku za su nema.

A Nijeriya ƙofa ɗaya ce, wato hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Jarrabawarta darussa huɗu ce, maki 400, tambayoyi 180 cikin awa biyu a gaban kwamfuta: 60 na Turanci, sauran ukun 40 kowanne. Mai son karanta gudanar da kasuwanci yakan haɗa Turanci da Lissafi da Tattalin Arziki, sannan darasi ɗaya daga ɓangaren kasuwanci ko na zamantakewa. A sakamakon WAEC ko NECO kuma ana son kiredit biyar, da Turanci da Lissafi a ciki, kuma sassan kasuwanci sukan nemi Tattalin Arziki ma. Kowace shekara ina ganin yaron da ya ci maki mai kyau amma ya rasa gurbi, don mai shagon intanet ne ya zaɓar masa darussa, ya sa masa wani abu a gurbin Lissafi. Kundin JAMB yana nan, kowace jami'a da sharuɗɗanta a rubuce. Ka karanta da idonka kafin ka biya ko sisi.

Jami'o'in tarayya kuma suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari don cancanta tsantsa, 35 don jihohin da ke yankin jami'ar, 20 don jihohin da aka ce an bar su a baya a ilimin boko. Wannan yana nufin zaɓinka na farko ba abin wasa ba ne. Ɗan Kano da ya sa Jami'ar Bayero ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a farko yana da ƙofofi fiye da ɗaya. In ya tsallaka ya zaɓi wata jami'a mai nisa don kawai sunan garin ya burge shi, to ya rage wa kansa. Tun 2017 kuma duk gurbin da aka bayar ta shafin hukumar mai suna CAPS yake bi. Sai ka ɗora sakamakonka na sakandare a can, kuma in an ba ka gurbi sai ka shiga ka karɓa da kanka. Wanda JAMB ta ƙi masa, ga shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ga kuma difloma, duk suna iya kai mutum aji biyu kai tsaye.

Yanzu ga maganar da na san ba ku so, wato lissafi.

Da yawanku sun gudo ajin kasuwanci ne don tsoron lissafi, kamar wanda ya guje wa yayyafi ya faɗa kududdufi. Karatun kasuwanci a jami'a cike yake da lissafi: akanta, ƙididdiga, lissafin bashi da hannun jari, hasashen ciniki. Bari in gwada ku. Ka sari kaya a kan naira 800, ka sayar 1,000. Ribarka kashi nawa cikin ɗari? Na ji wasu sun ce 25, wasu sun ce 20. Dukkanku kun faɗi daidai: 25 ne in ka auna da kuɗin sari, 20 ne in ka auna da kuɗin sayarwa. Ɗan kasuwar da bai san wanne yake nufi ba, abokin hulɗarsa zai sani a madadinsa. Ga wata kuma. Ka sayar da kayan a kan 1,000 kana murna, ka koma wurin sari ka tarar sun koma 1,050. A littafi ka ci riba, a zahiri jarinka ya fara narkewa, don kuɗin da ke hannunka ba za su mayar da abin da ka fitar daga kanti ba. Iyayenmu 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa sun san wannan a jikinsu cikin shekarun nan na tsadar kaya. Jami'a kuwa so take ka iya rubuta shi da alƙaluma, ka kuma faɗi farashin da ya kamata ka sa tun farko.

Saboda haka wanda makarantarsu ke koyar da lissafi mai zurfi, wanda WAEC ke shirya wa takarda ta daban, ya ɗauka. Makarantar Wharton ta Jami'ar Pennsylvania a Amurka, wadda aka kafa a 1881, kuma ita ce makarantar kasuwanci ta farko a cikin wata jami'a a ƙasar, tana son mai nema ya zo da lissafin kalkulas a hannu. Digirin da take bayarwa ma sunansa digirin kimiyya a tattalin arziki. Makarantar LSE ta Landan ita ma lissafi take dubawa kafin komai a yawancin darussanta na kuɗi da gudanarwa.

Tunda na ambaci waje, bari mu tsallaka. A nan ne tsarin ya sha bamban da namu, don JAMB maki take gani, su kuwa mutum suke so su gani.

Jami'o'in Amurka fiye da dubu suna karɓar fom guda ɗaya da ake kira Common App, wanda ake buɗewa ranar 1 ga Agusta kowace shekara. A ciki za ka saka sakamakonka na shekarun sakandare, da wasiƙun malamai, da jerin ayyukan da kake yi bayan aji, da maƙala wadda ba za ta wuce kalmomi 650 ba. Wasu jami'o'in suna neman jarrabawar SAT mai maki 1,600. Da yawa sun jingine ta lokacin korona, amma manya irin su MIT sun dawo da ita. A Birtaniya kuma ta UCAS ake bi, zaɓi biyar, da bayanin kai na haruffa 4,000. Oxford da Cambridge suna rufe ƙofa ranar 15 ga Oktoba, sauran kuma a Janairu. Manyan jami'o'in Birtaniya galibi ba sa ɗaukar mai WAEC kai tsaye, sai ya yi shekarar share fage ko ya kawo wata shaida ta gaba da ita. Kuma ba sai an haye teku ba: Jami'ar Ashesi da ke Berekuso kusa da Akra, wadda Patrick Awuah ya kafa a 2002 bayan ya bar kamfanin Microsoft, tana koyar da kasuwanci, tana karɓar WAEC, tana neman maƙala, kuma tana cikin jami'o'in da gidauniyar Mastercard ke ɗaukar nauyin ɗalibai a cikinsu.

Wani abin da zai ba ku mamaki: Harvard da Yale da Princeton ba su da digirin farko a kasuwanci kwata-kwata. Na taɓa karanta maƙalar wani yaro da ya cika shafi yana yabon digirin kasuwancin da zai yi a wata jami'a wadda ba ta da shi. Wannan kamar ka shiga layin 'yan goro ne kana taya atamfa. Masu digirin farko a fannin su ne irin su Wharton, da Stern ta Jami'ar New York, da Ross ta Michigan, da Kelley ta Indiana, da Kwalejin Babson da ke Massachusetts, inda ɗaliban shekarar farko ke kafa ƙaramin kasuwanci na gaske su gudanar da shi a matsayin darasi.

To, mu zo kan jerin ayyuka da maƙala, don nan ne na ga yaranmu suna zubar da damarsu, kuma nan nake so in daɗe.

Mu an tarbiyyantar da mu da kunya. An ce mana yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne. Yaro ba ya zama gaban manya yana lissafa abin kirkin da ya yi. Sai ga fom ya zo daga wata duniya yana cewa faɗa mana kai wane ne. Yaranmu sai su rabu biyu. Wasu kunya ta rufe musu baki, su bar gurabe goma na ayyuka da ke fom ɗin babu komai, ko su rubuta "ƙungiyar muhawara" su yi shiru. Wasu kuma su ce tunda yabon kai ake so bari mu zuba, su ɗebo manyan kalmomin Turanci daga intanet: ni shugaba ne, ni mai hangen nesa ne, ni zan sauya Afirka. Mai karanta takardun yana ganin irin wannan sau ɗari kafin azahar.

Duka biyun sun yi wa tambayar mummunar fahimta. Ba a ce ka yabi kanka ba, cewa aka yi ka ba da rahoto. Yaron kanti da ya rufe shago ya zo gaban maigidansa da dare ya ce, "Alhaji, yau an sayar da turmi goma sha biyu, an ba mutum biyu bashi, ga abin da ya rage," ai ba fariya yake yi ba. Amana yake saukewa. Da wannan muryar ake rubuta takardar neman gurbi.

Wata yarinya ta taɓa kawo mini maƙalarta. Turanci mai kyau, babu kuskure, kuma babu ita a ciki ko kaɗan. Na ajiye takardar na ce, 'yata, in kin tashi daga makaranta me kike yi? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Malam, Umma nake taya aiki." Wane aiki? Ashe mahaifiyarta tana sayar da zoɓo da kunun aya a gida, kuma ita ce mai riƙe littafin ciniki tun tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Na ce ta kawo littafin. Littafin makaranta ne mai layi, gefensa ya sha hannu. A ciki na ga inda ta gano cewa bashin maƙwabta ne ke cinye ribar, don ana sha a ce "anjima", anjima kuma ba ta zuwa. Ta rasa yadda za ta hana matan da suka goya ta, sai ta buɗe wa kowace shafi, ranar Juma'a ta bi gida-gida ta gaishe su da littafin a hannu. Na ga inda sukari ya yi tsada suka yi gardama da mahaifiyarta: a ƙara kuɗin gora ko a rage girmanta? Suka gwada duka biyun, mako guda-guda, ta rubuta abin da kowanne ya kawo. Na ga kuma makon da wuta ta ƙi zuwa, kunun aya ya lalace, ta rubuta asarar da jan biro.

Na ce mata ga maƙalarki nan. Ta ce, "Malam, zoɓo?" Kunya take ji Turawa su ji cewa zoɓo suke sayarwa. Na ce mata ɗan attajirin da zai rubuta cewa ya yi hutun wata ɗaya yana zama a ofishin abokin babansa bai taɓa yanke shawarar da abincin gidansu ya rataya a kanta ba. Ke kin yanke. Farashi, bashi, asara, gwaji, kula da abokin ciniki wanda kuma ɗan'uwa ne: waɗannan su ne babukan littattafan da za ki karanta a aji ɗaya.

Fom ɗin Common App ma ya san da irinku. A cikin rukunin ayyukan da ya tanada akwai aikin da ake biya, akwai kuma ɗawainiyar iyali. Tsaron shago, rainon ƙanne, zuwa gona, ɗinki, gyaran waya, riƙe kuɗin adashin 'yan aji, duk suna shiga. Amma haruffa 150 kawai aka ba ka ka bayyana kowanne, don haka babu wurin ado. Ka faɗi abin da ka yi, sau nawa a mako, shekara nawa, mutum nawa, naira nawa. Makarantar Ross ta Michigan ta ma daɗe tana neman mai son shiga ya ɗauki wata matsala ta unguwarsu ya tattauna ta da idon ɗan kasuwa, ya kawo mafita. Wa ya fi ku matsalolin da za a ɗauka? Tumatirin Kadawa da ke ruɓewa a kwando lokacin kaka saboda rashin wurin ajiya ya isa maƙala.

Abu biyu nake roƙonku a kan maƙalar. Na farko, ku bar faɗuwar a ciki. Makon da kunun aya ya lalace ya fi makonnin riba daraja, don shi ne ke nuna yadda mutum ke tunani in abu ya ɓaci. Na biyu, kada ku mai da talauci haja. Akwai masu ba ku shawara ku rubuta labarin tausayi, ku yi ta kuka a takarda don zuciyar mai karatu ta karaya. In wahala tana cikin labarinka, faɗe ta a jimla ɗaya ko biyu, ka wuce ga abin da ka yi da ita. Jami'a ɗalibi take nema, ba sadaka take rabawa ba.

Kuma ku rubuta da kanku. Na san akwai masu rubuta wa mutane maƙala a biya su, akwai kuma manhajojin da za su zubo maka shafi cikin ƙiftawar ido. Wanda ya shekara yana karanta rubutun 'yan shekara sha bakwai ya san muryarsu. In makin Turancinka na WAEC yana faɗin abu ɗaya maƙalarka tana faɗin wani, sai a fara shakkar komai da ke cikin fayil ɗin, har da abin da ka yi da guminka. Jami'o'in kuma suna da ikon janye gurbi in suka gano ƙarya, ko da bayan an ba ka. Malami ya duba maka, ya ce nan ba a gane ba, nan ka maimaita. Wannan halas ne. Ka rubuta, ka ajiye mako guda, ka sake. Yarinyar nan sau shida ta sake tata.

Malamai 'yan'uwana, ga naku rabon. Wasiƙar da muka saba rubutawa, "yaro ne mai ladabi da biyayya, ban taɓa samunsa da laifi ba," ta dace da mai neman aure, amma ba ta gaya wa jami'a komai. Ku rubuta ranar da yaron ya kawo wata hanyar warware lissafi da ba ku koya masa ba. Ku faɗi shi na nawa ne cikin ɗalibai nawa. Ku bayyana cewa a ajinmu mutum tamanin ne, kuma A1 a WAEC ba abin da ake tsinta a hanya ba ne, don mai karatu a can bai san ma'auninmu ba. Ku kuma ɗalibai, ku nemi malamin da ya san ku, musamman na Lissafi ko Tattalin Arziki, ku ba shi wata guda aƙalla. Wasiƙar wani babban mutum da bai taɓa ganin littafinka ba ba ta da amfani, komai girman hatiminsa.

Iyaye, na ga kun ƙosa in zo maganar kuɗi. Manyan jami'o'i masu zaman kansu a Amurka suna cin sama da dala 80,000 a shekara in an haɗa da masauki da abinci. Wasu 'yan kaɗan, kamar MIT, ba sa duba aljihun ɗalibin waje wajen ɗauka, kuma in sun ɗauka suna cike abin da iyali ba za su iya ba. Mafi yawa kuwa suna dubawa, har da Pennsylvania mai Wharton. Za a ba ku fom na bayanin samun iyali. Ku faɗi gaskiya, kada a kumbura don jin kunya, kada a rage don wayo, don za a nemi takardun banki. Akwai kuma wani tsari na neman wuri da wuri, wanda yawanci ake rufewa ranar 1 ga Nuwamba, inda ɗalibi ke sa hannu cewa in an ɗauke shi zai zo, zai kuma janye sauran takardunsa. Wannan kafin alƙalami ne, ciniki ya faɗa. Mai buƙatar ya jera tayin tallafi biyu ko uku ya ga wanne ya fi, ya yi tunani sosai kafin ya sa wannan hannun.

Gurbi kuma ba biza ba ne. Dokokin shiga Amurka sun tsananta ga ƙasashen Afirka da dama tun daga 2025, don haka kafin a kashe kuɗin jarrabawa da na fom, a fara bincika halin da ake ciki ga mai fasfon ƙasarmu. Cibiyar EducationUSA tana da ofis a Abuja da Legas don ba da irin wannan bayani. Shi ya sa nake cewa ko wane ne kai, ka yanki fom ɗin JAMB. Ɗan kasuwa ba ya loda jarinsa duka a mota ɗaya. Dillalin da ya ce zai samo maka gurbi da biza tabbas in ka ba shi kaza, ka ce masa albarka.

Shugaban taro yana duba agogo, saura abu ɗaya ƙarami wanda ya fi duk abin da na faɗa hana yara barci. Sunanka. Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da lambar NIN, kuma abin da ke kan NIN shi za ta ɗauka. Mu kuwa mutum ɗaya sai ya zama Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a WAEC, Muhammadu a NIN. A nan sunan mahaifi ne a ƙarshe, a can sunan garinsu. Ranar haihuwa kuma 1 ga Janairu a wata takardar, wata rana daban a wata. Gyaran wannan yakan ci makonni, wani lokaci ya ci gurbin ɗungurungum. Yau in kun koma gida, ku fito da takardun nan duka, ku jera su a kan tabarma, ku bi su harafi-harafi tare da mahaifanku. Wanda kuma yake da littafin ciniki irin na yarinyar nan, ko da na sayar da katin waya ne, ya zo mini da shi ranar Asabar, ina nan daga ƙarfe goma.